'Yan Watannin Alhaji

Ko zan manta da komai na zamanin korona, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na tsaya a tsakar gidanmu na unguwar Maamobi a Accra na rushe aurena da bakina ba. Ba wanda ya aike ni, wallahi. Kishi ne kawai, irin wanda ke sa mutum ya ga fari ya rantse baƙi ne.

Gidan haya ne irin namu na Zango, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ta kowa da kowa. Ni malamin firamare ne, Tica ake ce mini, kuma kafin cutar nan ni ne rediyon gidan. Ko tumatir ya yi tsada a kasuwar Nima sai an tambaye ni dalili, ni kuwa ban taɓa cewa ban sani ba (har a ranar da ban sani ɗin ba). Ina kuma neman Rahinatu, 'yar Alhaji mai gidan. Magana ta yi nisa, har kawuna ya fara tambayar yaushe za a kai goro.

Sai aka rufe makarantu, aka kulle gari. Babban titin da hayaniyar trotro, motocin hayarmu, ke hana mutum jin kiran salla ya yi tsit. Na koma zaman ɗaki da gajeren wando, ni da fanka. Shi kuwa Sule, wani nas da ke ɗakin kusa da famfo, wanda a da ko sunansa ba kowa ya riƙe ba, sai ga shi ya zama ɗan gaban goshi. Da safe ya fito cikin fararen kaya zai tafi asibiti, matan gida su bi shi da addu'a har ƙofa. Ni in na fito, abin da nake samu shi ne, "Tica, matsa mana, za mu yi shanya."

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kwanon da Rahinatu ke ajiye wa Sule kullum. Shinkafa da wake, ga taliya, ga dafaffen ƙwai a sama (na taɓa ɗaga murfin, Allah ya yafe mini). Ni da nake shirin zama mijinta, sai ranar Juma'a nake ganin ƙwai.

Rannan bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, kowa da takunkuminsa, Sule ya dawo daga aiki. Hajiya, mahaifiyar Rahinatu, wadda shagonta na atamfa ke rufe, ta tare shi.

"Sule, ka gaya mini tsakani da Allah. Kullen nan yana hana mutuwa ne, ko wahala kawai muke sha?"

Sule ya wanke hannu, ya ce, "Hajiya, kulle ba ya kashe cutar. Rage mata gudu yake yi, don kada marasa lafiya su zo mana a lokaci ɗaya. In gado ya samu, wani da zai mutu sai ya tashi."

To, ga inda abin kunyar yake. Wannan maganar ita ce tawa. Ita na yi ta faɗa wa mutane tun farkon kullen, har da zane a ƙasa. Amma da na ga Rahinatu ta gyaɗa kai, ta ce, "Kai, Sule, ka iya bayani," sai na miƙe tsaye kamar ina gaban aji.

"Kun ji da bakinsa! Jinkiri ne kawai. Cutar tana nan tana jiranmu a bakin ƙofa, ran da aka buɗe ta ci gaba daga inda ta tsaya."

Sule ya ce, "Tica, jinkirin ma ai yana da amfani, kafin a samo..."

Ina! Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ga Hajiya tana kallona, na ce yau zan saye zuciyar suruka.

"Su wa cutar take ɗauka? Tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Wanda zai tafi yau, kulle ya kai shi bayan salla, shi ke nan. 'Yan watanni! Saboda 'yan watannin tsoho za a rufe wa Hajiya shago, a zaunar da matasa a gida?"

Gida ya yi shiru. Ni kuwa, sakarai, na ɗauka shirun nasara ne, har na gyara tsayuwa ina jiran tafi.

Sai na ji tari a bayana. Na manta, wallahi na manta, cewa tagar ɗakin Alhaji nake jingine da ita. Alhaji yana da asma, tun da aka fara maganar cutar bai ƙara fitowa ba, abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye masa. Rashin ganinsa ya sa na cire shi daga lissafin masu kunne. Labule ya ɗan motsa.

"Tica."

"Na'am, Baba."

"'Yan watannin nan da ka raina, ni fa ina son su. Ko mako guda ne a ba ni. So nake in ga ɗaurin auren Rahinatu."

Ya saki labulen. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ce a rufe da siminti. Hajiya, wadda na yi duk wannan don ita, ta tashi ta kaɗe zane, ta ce, "Shagon ya shekara a rufe ma, ban damu ba." Ta shige ɗaki ba ta dube ni ba.

Na durƙusa a gindin tagar ina ta "Baba, ba haka nake nufi ba," alhali ni kaina ban san me nake nufi ba. Alhaji mutumin kirki ne, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Rahinatu ce ba ta ce "ba komai" ba. Da na samu ta saurare ni a bakin famfo, maimakon in ba da haƙuri in yi shiru, sai na ƙara da cewa, "Ko dai saboda Sule ne?"

Ta ajiye bokiti. "Sule? Baba ne ya ce a riƙa ajiye masa abinci, don shi ke duba masa numfashi kullum. Yarinyar da zai aura tana unguwar Madina. Ni kai na zaɓa, Tica, kowa ya sani. Amma ba zan zauna da mutumin da ya riga ya gama yi wa ubana lissafi ba."

Haka goron kawuna ya bushe a leda.

Har yau in an tayar da gardamar kulle, ko ya rage mutuwa ko jinkiri kawai ya kawo, sai in ce a tambayi masana, ni ina da uzuri. Abin da na koya shi ne, in kishi ya ce ka tashi ka yi jawabi, ka ce masa ƙafarka na ciwo.

Alhaji ya ga ɗaurin auren Rahinatu, da wani mai gyaran firji daga unguwar Kawukudi. Ni na jera kujeru. Yana nan da ransa, ni ma ina nan a ɗakina, don haya a Accra ba ta san kunya ba. Duk ran da aka ga sabon wata, in na je gaishe shi, sai ya kama hannuna ya yi murmushi, ya ce, "Tica, an ƙara mini ɗaya."