Kicin Daidai Tsayin Maigida

Masu saye da yawa ne a duniya, amma waɗanda suka iya saye kaɗan ne, kuma ko a cikin kaɗan ɗin Ma'auni ne a gaba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum ne da ba ya rage wa kansa komai in ana maganar yabo. Ya daɗe yana shugabantar sashen sayayya na wani babban kamfani, tun daga biro har motar ɗaukar ma'aikata ba a saye sai da sa hannunsa. Allah ya yi shi dogo, irin tsayin da kowace ƙofa sai ya rusuna mata kafin ya shige, shi kuwa ya ɗauki hakan alamar cewa an halicce shi ne don ya riƙa duba al'amura daga sama.

Hanyar aikinsa tasa ce shi kaɗai. Bai yarda da tef ɗin awo ba, bai yarda da littafin hotunan kaya ba. Ya ce takarda tana ƙarya, jiki ba ya yi. In za a sayi kujeru shi zai zauna a kai, in ta yi masa daidai to ta yi wa kamfanin daidai. "Ni ne ma'auni," haka yake rufe kowane taro, daga nan sunan ya bi shi. Shi ya sa har ya bar aiki ma'aikatan ofishin ƙafafunsu lilo suke yi a kan kujera, masu dabara sun ajiye kwali a ƙarƙashin tebur suna takawa. Ba wanda ya taɓa kai ƙara, shi kuma ya fassara shirun da gamsuwa.

Ritaya ba ta karɓe shi ba ko kaɗan. Mutumin da ya saba sayen motoci ya koma ba abin da ke jiran hukuncinsa sai burodi da ƙwan lantarki. Ana cikin haka tsohon mataimakinsa, wanda ya gaji kujerar, ya gayyaci tsoffin abokan aiki cin abincin rana a gidansa. Ɗan Takarda Ma'auni yake kiransa, don shi komai a littafin hotuna yake zaɓa. Bayan an zuba abinci sai Ɗan Takarda ya ja jama'a ya kai su su ga sabon kicin ɗinsa, wani abu fari tas mai walƙiya, kowa ya saki baki. Ya juyo da ladabinsa, irin ladabin nan mai cizo, ya ce, "Yallaɓai, saye na yanzu ba irin na zamaninku ba ne." Aka yi dariya. Maganar ta soki Ma'auni har zuciya. Kafin a watse ya miƙe tsaye, ya gayyaci kowa da matarsa zuwa gidansa ƙarshen wata, su ci abincin da aka dafa a kicin ɗin da zai nuna musu wane ne malami, wane ne ɗalibi. A lokacin da yake wannan alkawari ba shi da kicin ɗin, amma wannan ƙaramar matsala ce.

Da ya dawo gida ya zarce ɗakin girki, abin da ya ba matarsa mamaki har ta tambaye shi ko lafiya. Ya lalubi makunnin fitila bai samu ba sai da ta nuna masa, ya buga goshinsa da kwandon albasar da ke rataye, sannan ya goya hannu a baya ya bi wurin da kallon tausayi. Ya sanar da ita cewa za a rushe komai a sake. Maman yara, kamar yadda yake kiranta duk da yaran sun yi aure sun watse, mace ce gajera mai fara'a, kanta daidai aljihun rigarsa yake tsayawa. Ta ce ita dai famfo ne ke ɗiga, sai aljihun kabad guda da ke maƙalewa, in an gyara waɗannan ta gode. In kuwa lallai sai an sake, to ya tafi da ita shago ta ga abin da za a sayo.

Ma'auni ya yi murmushin manya. "Maman yara, ki yi haƙuri, ƙa'ida ce. Mai amfani da kaya ba ya zama a kwamitin saye. In aka bar mai girki ya zaɓi murhu, son zuciya zai shiga. Ni da ban taɓa dafa ko ruwan zafi ba, ba ni da wata manufa a cikin lamarin, saboda haka ni ne adali."

Ta dube shi daga ƙasa zuwa sama, tafiya ce mai nisa, ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da yankan kabejinta.

Mai shagon kayan kicin yana ganin shigowarsa ya gane cewa yau da wuri zai tashi. Ma'auni ya ture littafin hotunan da aka miƙo masa, ya naɗe hannun riga, ya shiga gwaji. Ya dafa kantar farko, ya ga sai ya sunkuya, ya ce wannan ƙasƙanci ne, a ɗaga ta zuwa ƙugunsa a ƙara kaɗan saboda mutunci. Dutsen da za a shimfiɗa a saman kantar ya zaɓi baƙi mai sheƙi, don da ya leƙa ya ga fuskarsa, kuma fuskar ta gamsar da shi. Ya ɗauki murhun gas mai baki biyar wanda ake dasawa a cikin kanta. Tandar gashi ya ce a bango za a kafa ta, daidai idonsa, don mai hankali ba ya durƙusa wa kaza. Wurin wanke-wanke ya zura hannu cikin wannan, ya zura cikin wancan, sai da ya sami wanda yatsunsa da ƙyar suka taɓo gindinsa, ya haɗa shi da famfo mai dogon wuya da za a kafa can jikin bango. Tayil kuwa ya yi ta takawa yana saurare, har ya dace da wani mai santsi wanda takalminsa ke ƙara a kai irin ƙarar da yake yi a barandar ofis. Mai shago ya rantse bai taɓa ganin mai saye da ido irin wannan ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Kafinta ya zo gida ya auna daga ƙasa zuwa ƙugun maigida, ya dubi abin da tef ya nuna, ya lissafa yawan katakon da aikin zai ci, nan take ya ce ya daɗe yana addu'ar samun mai gida mai hangen nesa. Aka ɗaga kabad-kabad na sama har suka kusa sumbatar silin, aka ɗaga fankar zuƙe hayaƙi don kada ta taɓa goshin da kwandon albasa ya riga ya ɓata wa rai.

Maman yara ta kwashe tukwanenta ta koma barandar baya, ta ɗora tsohon murhunta mai baki biyu a kan wani gajeren tebur, tana girki tana shan iska. Ma'auni ya kulle kicin ya jefa makullin a aljihu, ya ce ba mai shiga sai ranar miƙa aiki. Kowace safiya yakan tara kafinta da mai tayil da mai haɗa famfo ya yi musu taro, kuma taron yakan fi aikin tsawo. Haka aka yi ta ja har ba a buga ƙusa ta ƙarshe ba sai da safiyar ranar da baƙi za su zo.

Da safen nan, Maman yara tana kasuwa sayo kaji da kayan miya, Ma'auni ya tuna wata ƙa'idar. In sabon kaya ya iso, tsoho a fitar da shi, don kada zuciya ta riƙa waiwaye. Ya kira mai sayen tsoffin ƙarafa da ke wucewa, ya ɗora masa tsohon murhun, ya ƙara masa da teburin kyauta.

Da ta dawo ta tarar ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofar kicin, yana tsaye da almakashi. Ya yi jawabi a kan inganci da hangen nesa, ya gode wa kansa a madadin iyali, ya yanka ƙyallen, ya ce ta shiga ta karɓi aiki.

Ta shiga. Wuri ya yi kyau, wannan ba musu. Ta ƙarasa gaban kanta, kantar ta tsaya mata a haɓa. Ta ɗauki tukunya da hannu biyu ta ɗaga sama ta ɗora a murhu, ta yi ɗage, ba ta ga ko bakin tukunyar ba balle cikinta. Ta miƙa hannu wajen famfo, tsakaninta da shi sai gaisuwa daga nesa. A gilashin tandar gashi ba abin da ta hango sai ƙullin ɗankwalinta. Ba ta yi fushi ba. Dariya ce ta taso mata, ta danne ta har idonta ya kawo ruwa, Ma'auni kuwa ya ɗauka hawayen godiya ne.

Da ta yi masa bayani ya ce ai wannan gyaran ƙarshe ne da ake yi wa kowane babban aiki, ya ɗauko mata 'yar kujera ta taka. Tana hawa kujerar ta zame a kan tayil ɗin nan mai daɗin ƙara, da bai tare ta ba da a asibiti za a yi walimar. Ta sauka ta gyara zaninta, ta ce ita ba ta hawa sama ta tsaya a kan tafasasshen mai, bari ta koma barandarta ta dafa, in ya so a juye a tukwanen nan. Ma'auni ya yi tari. Ya sake yin tari. Sannan ya yi mata bayanin ƙa'idar fitar da tsohon kaya, da murya ƙasa-ƙasa wadda ba a san shi da ita ba.

A nan tsoro ya shige shi na gaske. Rana ta ɗaga, baƙi na hanya. Ya yi tunanin sayo abinci a waje, sai ya tuna Ɗan Takarda mutum ne da zai buɗe tukunya ya shinshina, ya kai hannu ya ji ko murhu da ɗumi. In aka gane cewa kicin ɗin malami bai iya dafa ko shinkafa ba, dariyar da za a yi masa sai ta kai har ofis. Ya dubi matarsa, karon farko yana neman shawara wurin mai amfani da kaya.

Ta jawo kujera mai hannu daga falo, ta ajiye a bakin ƙofar kicin, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta miƙa masa rigar girkinta mai furanni, ya ɗaura, ta tsaya masa a cibiya. Ta ce ya wanke shinkafa, ya wanke. Ta ce ya yanka albasa, ba haka ba, ƙanana. Ta ce ya juya miya, ba da wannan ludayin ba, da ɗayan. Abin mamaki, komai ya zauna masa daram. Bai sunkuya ba, bai yi ɗage ba, famfo na hannunsa, kaza na gasuwa daidai idonsa.

Yana cikin juya miya, gumi na bin wuyansa, baƙi suka yi sallama tun kafin lokacin da aka sa, Ɗan Takarda a gaba da matarsa. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon tsohon shugabansu da ludayi a hannu da furanni a ƙirji. Ma'auni ya ga gefen bakin Ɗan Takarda ya fara motsi, ya san in ya bari murmushin nan ya ƙarasa fitowa to ya kaɗe har abada. Sai ya ɗaga ludayin sama, ya gyara murya.

"Kun same ni a bakin aiki. Ku duba da kyau, wannan kicin da gangan na auna shi da jikina. Baiwar Allahn nan tun ina ƙaramin akawu take tsaye a gaban wuta domina. Na ce ya isa, ta huta. Daga yau murhun gidan nan nawa ne, safe da rana da dare. Wannan shi ne saye na zamani, kuma ba a samunsa a littafin hotuna."

Matan suka fara tafi, mazan suka bi ba da son ransu ba. Matar Ɗan Takarda ta yi wa mijinta wani kallo wanda ya nuna za a ƙarasa zancen a mota. Ɗan Takarda kuwa ya shafa baƙin dutsen, ya leƙa tanda da ɗage, ya sauke kai ya ce, "Yallaɓai, har yanzu kai ne malaminmu." Daɗi ya kama Ma'auni har kunnuwansa suka yi zafi. Shinkafar ta caɓe a sama ta ƙone a ƙasa, amma aka cinye ana santi, shi kuma ya yi ta zagayawa yana ƙara wa mutane miya yana bayanin zurfin wurin wanke-wanke.

Da aka raka baƙi aka rufe ƙofa, ya yi ajiyar zuciyar wanda ya ci yaƙi, ya kai hannu baya zai kwance rigar girki. Maman yara, tana nan a kujerarta, ta ce ya bar ta a jikinsa.

"Baban yara, ga kwanuka can na jira, kuma ni abincin dare da wuri nake so. Na ji jawabinka da kunnena, na gode Allah da ya sa a gaban shaidu ka yi shi."

Ya laluba ƙa'idojinsa kaf, sannan ya mayar da ƙullin rigar, ya nufi wurin wanke-wanke.

Har yau in ka bi ta layin da hantsi za ka hango kansa ta tagar kicin, yana yanka albasa hawaye na zuba, muryar Maman yara na tasowa daga falo tana tambaya ko ruwan shayi ya tafasa. Kuma duk unguwar ba mai iya cewa kantar nan ba ta yi wa mai girkin daidai ba.