Burin Mataimakin Oga

Ina shiga ofishinmu a Vom na tarar abokan aikina suna musu. Dung ya ce, "Burin mataimakin nan ya mutu, sai bin oga kawai!" Nanle ta ce, "Ƙarya ne, zai zama na ɗaya!"

Ni da labarin ofis ba ya wuce ni, nan take na gane mataimakin shugabanmu suke nufi. Na same shi, na rage murya: "Oga, kada ka yar da burinka. Muna bayanka."

Ya ce, "Wane buri? Ritaya nake jira."

Ashe wani mataimaki mai takobi suke nufi a fim ɗin katun na Japan. Har yau, ana sakin sabon kashi Nanle za ta tambaye ni cikin tsokana ko ogan namu mai jiran ritaya ya ci faɗan.