Zinariyar da Na Yi wa Mutanen Lafia Alkawari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da motar majigi ta fara zuwa Lafia ba, ko da ma na so in manta, mutanen garin nan ba za su bari ba. Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina ɗinki a rumfar kawuna a bakin kasuwa, kuma duk faɗin garin ni ne masanin silima. Ni na naɗa kaina, babu wanda ya ja da ni.

Asalin sarautar kuwa, sau ɗaya na raka Kawu zuwa Jos sarin yadi. (Na daɗe ina cewa wata uku na yi a can. Kwana huɗu ne.) A nan na ga silima, ba daga ciki ba, daga kan wani mangwaro da ke bayan katanga, inda rabin allon kawai ake hangowa. Da wannan rabin allon na dawo na buɗe makaranta. Kullum bayan la'asar samari su cika rumfa, ina taka keken ɗinki ina yanke hukunci. Fim mai kyau, in ce musu, dole a samu doki, a samu naushi, a samu mugu mai gashin baki. Fim ɗin banza kuwa shi ne wanda Turawa za su zauna suna shan shayi suna kallon juna, kai ka ce zaman makoki. In wani ya tambaye ni abin da ban sani ba, sai in girgiza kai in ce, "Kai dai Allah ya kai ka Jos."

Ran nan sai ga Malam Audu duba-gari, malamin tsabtar nan mai leƙa randunan mutane, ya faɗo rumfa yana sharce gumi. Ya ce motar majigi ta iso tare da wani Baturen likita, amma mutumin da ke yi wa jama'a bayanin hotuna a lasifika zazzaɓi ya kayar da shi a hanya.

"An ce kai ka san kan abin," in ji shi. "In ka yi da kyau, Bature ya ce za a ɗauke ka aiki, ka riƙa bin mota har Doma da Kwandere. Har kayan kaki za a ba ka."

Kaki! Ni da na gaji da yi wa wanduna faci! Wallahi ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so aikin nan ba. Malam Audu ya ce in zo da wuri a faɗa mini abin da fim ɗin ya ƙunsa. Na yi wata dariya irin ta manya na ce, "Haba Malam, ai fim duk ɗaya ne. In na ga farkonsa, na san inda ya dosa." Kawu ya ɗago kai ya dube ni, ya ci gaba da yankan yadinsa. Yinin nan kaf a gugar riga na ƙarar da shi.

Bayan magariba filin makaranta ya cika maƙil. 'Yan gari, da Alago, da Eggon, da Tibi waɗanda suka ci kasuwa suka fasa komawa gida, kowa ya baje a ƙasa. Aka ɗaura farin ƙyalle, inji ya yi gurnani, aka miƙo mini lasifika. Da na yi sallama na ji muryata ta cika filin, kaina ya ƙara girma.

Hoto ya fito. Wani mutum ne a bayan gidansa, yana auna ƙasa da taku, yana nisa da rijiya.

"Jama'a, ku lura," na ce, "wannan shi ne jarumin. Kakansa ne ya binne tukunyar zinariya, yau zai tono ta."

Mutumin ya ɗauki diga ya fara haƙa. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan danga, na ce, "Ga mugun nan! Kada ku ga ba shi da gashin baki, askewa ya yi don ya ɓad da kama." Mata suka fara tsine masa. Malam Audu ya jawo hannun rigata yana raɗa, "Kai, ba haka ba ne." Na fizge na ce, "Malam, bar ni in yi aikina!" (A cikin lasifika na faɗa, har 'yan bayan fili sun ji.) Bature kuwa, da yake Hausarsa ba ta wuce sannu ba, ya ga jama'a sun nutsu, sai gyaɗa mini kai yake. Wannan gyaɗa kan shi ya ƙarasa ni.

Rami ya yi zurfi, babu tukunya. Sai na ga jarumin ya jera itace a kai, ya bi da ƙasa, ya bar wata 'yar ƙofa a tsakiya. Amma bakin da ya saba ba ya jin birki, sai na ce: "Dabara ce! Ya rufe don kada mugu ya gani. Ta 'yar ƙofar nan zai riƙa zaro dukiyar." Ya kewaye wurin da zana. Na ce, "Kun ga an yi wa taska shinge? In babu zinariya a ramin nan, ku sauya mini suna!"

Ban rufe baki ba sai ga jarumina ya fito daga ɗaki da buta a hannu, yana sauri yana dafe da ciki. Ya shige zanar, ya ja ƙofa.

Ashe masai ake koya mana haƙawa.

A lokacin nan, da ƙasa ta tsage da na shige. Can sai wata tsohuwa mai sayar da doya, mutuniyar Doma, ta ɗaga murya da Hausarta ta kasuwa:

"Malam, wannan mutum ba ɗauka ta je yi ba fa. Ajiya ta je yi!"

Wayyo! Dariyar da aka tuntsure da ita ta danne ƙarar inji. Na ce "Innalillahi," lasifika ta kai shi har bakin kasuwa. Bature ya tambayi Malam Audu abin da ya faru, aka fassara masa tun daga kan kakan jarumi. Ya miƙo hannu a hankali ya karɓi lasifikarsa, bai ko dube ni ba. Malam Audu ne ya ƙarasa bayanin, kuma washegari mota ta wuce Doma ina hango ta daga rumfa.

A hanyar gida Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai ka ce a sauya, za a kuwa sauya." Aka sauya ɗin. Har na yi furfura Mai Zinariya ake kirana, kuma duk wanda ya haƙa masai a unguwarmu sai ya aiko a tambaye ni ko ya kusa isa tukunyar.

Tun daga ranar, in na ga mutum ya duƙufa yana haƙa rami, ba na yi masa shaida sai na ga abin da zai zuba a ciki.