Rijiyar da Ta Tafi Gwiwa

A zamanin En'e, Bature ya sauka Roni, hakimi ya wakilta ni in shaida wa Baturen cewa rijiya ta fi mana hanya muhimmanci. Na gyara rawani, na tambayi tafinta yadda Turawa ke fifita abu kan abu a harshensu. Ya jero kalmomi masu daɗi kamar zubar ruwa cikin tulu. Na lumshe ido ina auna su da na Larabci, har na manta da abin da ya kawo ni. Ina buɗe ido, Bature ya hau doki, rijiya kuwa an ba garin Gwiwa.

Har yau mata masu ɗauko ruwa daga nesa sukan durƙusa su ce, "Allah gafarta Malam, kalmomin sun kashe ƙishirwa?"