Gyaɗar Lengani da Wuyan Babur ɗin Kapuri

"Lafiya lau, bawana, ajiye gaisuwar! Tashi, uwargijiyarka ta yi jika!"

Da wannan ihun Kapuri ta faɗo rumfar Lengani bakanike a bakin kasuwar Po, kan babur ɗinta yana ta kakkarwa, saura kaɗan ta kwashe mini kwalaben fetur. Bayan babur ɗin an ɗaure garewani da sabulu da ƙunshin ganyen wanka. Ita 'yar ƙabilar Gurunsi ce, shi ɗan ƙabilar Bisa, abokan wasa tun kakanni, don haka na gyara zama. Ni dai ko ciniki zan rasa ba na barin wannan kallon ya wuce ni.

"Jika? Wayyo, an ƙara mana bakin cin kanzaga, abincin ganyen nan naku, a duniya!" in ji Lengani, yana watsa gyaɗa a baki. "Allah ya raya, ya sa kada ya ɗauko hancinki."

"'Yata Kadua ce ta sauka a Tiyebele da safen nan, namiji! Shekara da shekaru muna jira. Ta ce ba hannun da zai fara yi masa wanka sai nawa, ga surukarta can har ta ɗora ruwa a wuta. Shi kuma wannan tsinannen babur, in na ce dama sai ya yi hagu."

Lengani ya ɗora gaban babur ɗin a kan kututture, ya kama tayar ya jijjiga. Ƙwas, ƙwas.

"Boris ɗin wuya ya mutu murus. Yaushe rabonki da sa masa giris?"

"Ana sa masa?"

"Ji mini Gurunsi! Ku da kuka saba da jaki, wa ya aike ku sayen inji?"

"Jakin ma ya fi ka saurin aiki. Kwance, ɓarawon gyaɗa!"

Ya kwance notin sama, ya zare wuyan. Tsofaffin ƙwayoyin boris suka zubo, duk sun yi tsatsa sun lotse. Ya sa guduma ya fitar da tsohon mazauninsu, ya buga sabo. Sannan ya yage ledar sababbin ƙwayoyi, ita kaɗai ta rage masa a rumfar, ya rasa inda zai zuba kada su gangara cikin yashi, sai ya juye su a gefen farantin da ke kusa da shi. Farantin gyaɗarsa ne.

"Ku dubi ikon Allah," in ji Kapuri tana tafa hannu. "Ɗan Bisa ko allura za a yi masa sai an shafa mata tunkuza."

"Gyaɗa ce ta gina mu. Ku ganye ya gina ku, shi ya sa iska ke kaɗa ki a hanya kina ɗora wa babur laifi."

Wayarta ta yi ƙara. Ta kara a kunne, ta yi tsalle.

"Ruwan ya tafasa! Kadua ta rungume yaron ta hana, wai tana ta kuka. Lengani, don girman Allah!"

A nan muryarta ta ɗan karye, har ni sai da tausayinta ya kama ni. Lengani ya shiga sauri. Hannun dama yana lakato giris yana jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan aiki, hannun hagu kuwa ya tafi inda ya saba zuwa shi kaɗai. Ya dumbuzo ya watsa a baki.

Sai muka ji ƙaras! Lengani ya zaro ido, ya dafe muƙamuƙi, maƙogwaronsa ya yi sama ya dawo.

"Me ka haɗiye?" in ji Kapuri.

"Ba komai."

"Buɗe bakin!"

Ya tofo ƙwaya ɗaya a tafin hannu, tana ƙyalli. Ya leƙa faranti, ya leƙa wuyan babur. Ga gurbi nan a fili, ƙwayoyi biyu yake nema, ɗaya ce a hannunsa.

Kapuri ta fito tsakiyar hanya. "Jama'ar Po, ku zo ku gani! Ɗan Bisa ya cinye gyaɗar duniya, ya koma cin babur ɗina!"

"Rufa mini asiri, 'yar kanzaga!"

"Sa tsohuwa ɗaya mana, in tafi!"

"Lotsattsiya, a wannan hanyar mai gargada? Ki faɗi a rami a ce ni na kashe baiwata ranar da ta yi jika? Wa zai riƙa zagina?"

Ya tsaya yana kallon nasa babur ɗin, ja, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Ya ja dogon tsaki, ya ɗauki sifana. Kafin Kapuri ta gama shelarta ya zare wuyan nasa, ya ciro ƙwaya mai kyau, ya cike gurbin nata. Ya mayar da wuyan, ya ɗaure notin ba tsauri ba sako-sako, ya juya kan dama da hagu, sumul.

"Hau, ki gaida mini sabon bawan nawa. Na yarda, yau kam kin ci ni."

Kapuri ta buga babur ya tashi. Idonta ya ciko da ƙwalla, amma bakin bai mutu ba. Ta kwance gefen zaninta, ta jefa masa ƙullin soyayyiyar gyaɗar da ta yi guzuri.

"Ungo, ka tura ƙwayar da ka haɗiye da wannan. In ta fito, ka wanke ta da kyau ka mayar a naka."

Ta ba babur wuta ta miƙe hanyar Tiyebele, ba ko tangaɗi. Lengani ya zauna kusa da jan babur ɗinsa mara wuya, ya dafe ciki yana dariya, ɗaya hannun kuwa har ya fara kwance ƙullin.