Hular da Ta Kama wa Alhaji Makau Wuri a Kanada

Ku matso kusa, jama'a. Mai tabarma ya shimfiɗa, marar tabarma ya zauna kan takalminsa. Labarin ba shi da tsawo, mai labarin ne ke da faɗi.

In kun taɓa shiga mota daga Gummi za ku Anka ko Nasarawa Burkullu, to kun san Alhaji Makau, ko da ba ku san kun san shi ba. Shi ne bawan Allahn nan da ke zaune gindin darbejiya a bakin ƙaramar tasha, kan kujerar gaban wata mota da ta mutu tun kafin a haifi rabin direbobin wurin. An ciro kujerar, an aza ta kan tubali huɗu, ta zama karaga. Shekara talatin da biyu ke nan yana yi wa tafiye-tafiyen al'umma hidima, ba tare da ya wahalar da kansa da zuwa ko'ina ba.

Daga ɗan kamasho ya faro, mai kiran fasinja da muryar da ke kaiwa har mahauta. Yau shi ne shugaban tasha, kuma mota ba ta fita sai ya ɗaga yatsa. Direba zai cika motarsa, ya ɗaure kaya, ya tayar da inji, sannan ya zauna yana duban yatsan Alhaji kamar mai neman watan Sallah. Shi ya sa ake ce masa Sai-Na-Ce. Shi a zatonsa sarauta ce, kuma babu wanda ya ga amfanin gyara masa.

Mutum ne mai ilimi, kada ku yi shakka. Shi ya gano cewa mota ba ta tashi da agogo, da cika take tashi. Shi ya kuma kafa dokar hula. Babban mutum ba ya shiga mota ya zauna yana gumi da talakawa. Hularsa zai aiko a aza a gidan gaba, shi kuwa ya tafi shan shayi, in an cika direba ya je da kansa ya taho da shi. "Hula mutum ta," in ji Alhaji. Wani malamin makaranta ya taɓa matsar da hular wani attajiri ya zauna. Ranar a kan buhun gero ya je Anka.

To, Alhaji yana da ɗiya, Rahina, ma'aikaciyar jinya, wadda aiki ya kai ta Kanada ita da mijinta shekara takwas da suka wuce. Can ta haifi Usama, can ta haifi Fiddausi. Alhaji bai taɓa ɗaukar ko ɗaya a hannunsa ba. A waya yake ganinsu, ƙanana kamar ta kafar ƙofa, suna ɗaga masa hannu suna faɗin abin da ba ya ji. Kuma in za a faɗi gaskiya, ko kura tana son 'ya'yanta: hoton yaran nan na aljihun gaban rigarsa kullum, har gefensa ya yi laushi.

Shekara uku Rahina ta yi tana fafutukar takardu da tikiti, na uban da na uwarta, Inna Yalwa. Da komai ya kammala ta kira.

"Baba, don Allah ku kula da lokaci. Wannan karon ne Allah ya ba ni iko. In ya wuce, ban san ranar da zan sake iyawa ba."

"Rahina," in ji shi, "ni kika koya wa tahiya?"

Ya sa tela ya ɗinka wa Usama 'yar babbar riga irin tasa sak, shuɗiya, har aikin wuyan. Ya saya wa Fiddausi warwaro. Ya ninke su da hannunsa ya sa a akwati.

Ranar tafiya tasha ba ta yi lodi ba sai hantsi. An tsayar da motoci, an tara direbobi da masu rake, Alhaji ya hau kan karagarsa da sabuwar hula zanna, ya yi jawabin ban kwana.

"Jama'a, na ji wasu na tsoron jirgi. Jahilci na. Ni na shige shi shekarar da nit tahi Makka. An rubuta muna Talata, munka kwana huɗu sansani, sai da alhazai sunka cika kana yat tashi. Jirgi mota ta, hukahukai kawai anka ƙara mata. In na isa Kanada zan duba yadda suka lodi can, in da gyara in yi musu. Ilimi ba a rowa tai."

Aka yi tafi. Mota bakwai suka raka shi har Anka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji mutanen da, amma ranar ba a gayyace su ba.

Inna Yalwa kuwa ba ta taɓa wuce Gusau ba. Tun daga Anka har Abuja Alhaji ke karantar da ita ladubban jirgi: kada ta buɗe taga, kada ta tofar da yawu, kada ta yi wa direba magana yana tuƙi. Shekara arba'in tana aure da shi, ta san amsar kowace tambaya.

"To, Alhaji."

Washegari a filin jirgi suka tarar Rahina ta riga ta shirya musu mai taimako. Wata ma'aikaciya ta zo da keke biyu na tura tsofaffi, ta ce za a kai su har cikin jirgi, in sun sauka ƙasar da za su canja jirgi wasu su karɓe su, har hannun ɗiyarsu. Alhaji ya dubi keken, ya dubi yarinyar.

"Ni za a tura? Ni da ka tura motoci da yatsa guda?"

Inna Yalwa ta riga ta zauna a nata, ta gyara mayafi, ta ce gwiwoyinta sun gode.

An auna kaya, an duba takardu, an shigar da su babban zauren jira. Jirginsu na ƙarfe ɗaya da rabi ne na rana. Alhaji ya dubi lokacin a takarda ya yi murmushi, irin wanda likita ke yi in ya ga laya. Da aka zo ɗaukar masu keke, don su ake fara shigarwa, sai ya cire hular nan sabuwa ya miƙa wa matarsa.

"Ki aza ta gidan gaba, kusa da direba. In sun hana, ki aza ta kusa da ke. Ki zauna nan, kada ki motsa sai na zo."

"To, Alhaji."

Aka tura ta. Shi kuwa ya juya, kai ba hula, ya taka a hankali zuwa wani shagon shayi can ƙarshen zauren, inda babban mutum zai iya zama a neme shi.

Allah da ikonsa, a can ya gamu da Malam Junaidu, mutumin Bukkuyum, mai sayen zinari a Bagega, wanda ke jiran wani jirgin na yamma. Suka gaisa, suka tambayi ruwa da gero. Alhaji ya fara yi masa bayanin kurakuran da ya lura da su a tsarin filin: ba 'yan kamasho, ba mai busa usur, kuma bai ga inda shugabansu ke zama ba.

Ana cikin haka lasifika ta yi magana da Turanci. Malam Junaidu ya ajiye kofinsa.

"Alhaji, kamar sunanka nika ji."

"Shi na."

"Sun ce kiran ƙarshe na. Kowa ya shiga, saura mutum ɗaya."

Nan Alhaji ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, har ya share ido da hannun riga.

"Saura mutum ɗaya! Junaidu, ni za a gaya wa saura mutum ɗaya? Shekara goma sha ɗaya ina kiranta. Mota da mutum ukku ciki, biyu ma yaran tasha na munka zaunar don a ga kamar ta cika, ina ihun saura mutum ɗaya tun hantsi har la'asar. Ashe har Turawa sun koya. Sha shayinka."

Lasifika ta sake kira. Wani ma'aikaci ya wuce da sauri da takarda a hannu yana faɗin "Makau, Makau," yana duban fuskoki. Malam Junaidu ya ɗaga hannu zai nuna, Alhaji ya danne masa shi kan tebur. Yaro ɗan bana ya kira dattijo gatsau, ba Alhaji, ba ranka ya daɗe? Ai ko don tarbiyyarsa bai kamata a amsa ba. Kuma a ƙa'ida direba ne ke zuwa.

"Alhaji, wallahi ka tashi."

"Hulata na ciki."

Sai da ya shanye shayin, ya ce ba shi da kauri, sannan ya taso ya tsaya jikin gilashi don ya ga yadda lodi ke tafiya. Jirgin na nan. Alhaji ya dubi Junaidu da duban na-faɗa-maka. Gaskiya ne jirgin ya jira, har kusan minti ashirin, kuma saboda Alhaji ya jira. Akwatinsa ake nema a fitar.

Sannan jirgin ya fara ja da baya.

"Barazana ta," in ji Alhaji. "Haka direbobi ka yi. Ya ja kaɗan, fasinja su rugo, ya dawo."

Jirgin ya tafi can nesa, ya juya.

"Ka gani? Ga shi ya juyo."

Ya juyo kam. Ya tsaya, ya yi ruri, ya zabura da gudu. A nan ne Alhaji Makau ya ɗaga yatsa, yatsan nan da ke tsayar da mota goma sha biyu a lokaci guda ranar kasuwar Gummi. Ya ɗaga shi sama sosai. Direban bai ko duba madubi ba.

Daga baya Inna Yalwa ta ba da labarin nata ɓangaren. An hana ta gidan gaba, ta aza hular a kujerar kusa da ita. Sau uku ta gaya wa 'yan matan jirgi cewa mai wurin na tafe. Da aka rufe ƙofa ta so ta tashi, sai ta tuna an ce kada ta motsa, kuma a shekara arba'in ba ta taɓa saɓa maganar Alhaji ba, ba za ta fara a gaban baƙi ba. Da aka kawo abinci ta karɓar masa nasa. Da bai zo ba ta cinye, gudun almubazzaranci.

Shi kuwa a ƙasa, an miƙo masa akwatinsa. Malam Junaidu ya kira masa Rahina. Da ta ji abin da ya faru, sai ta ce:

"Baba, sati biyu Usama na koyon 'sannu da zuwa, Kaka'. Jiya ya iya."

Alhaji bai yi jawabi ba. Wannan ne karo na farko a tarihi.

Washegari ya tafi tashar mota a Abuja. Shi ya fara shiga, ya zauna kujerar baya, ya rungume akwati a cinya. Awa huɗu wani ɗan kamasho na ihun saura mutum ɗaya a kunnensa, bai fita ko fitsari ba.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Da ya iso Gummi da wata hula ta bakin hanya, ya tara direbobi ya yi musu bayani. Wai ya duba jirgin, lodin bai yi masa ba, wutsiya ta fi kai nauyi. Ya ga bai kamata shugabanni biyu su taru a mota ɗaya ba. "Ni nac ce ya tashi," in ji shi. Direbobi suka ce lallai, Allah ya ƙara basira. Tun daga ranar, duk jirgin da ya gifta sama, sai wani ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya tambaya cikin ladabi ko Alhaji ne ya sallami wannan.

Bayan wata uku Inna Yalwa ta dawo, ta yi ƙiba, da rigar sanyi har gwiwa cikin zafin bazara. Mata suka cika gida. Ta ba da labarin ƙanƙara, da yadda Fiddausi ba ta barci sai a bayanta, da yadda Usama ke cin tuwo da cokali. Alhaji na zaure yana jin komai, yana yi kamar rediyo yake saurare. 'Yar babbar rigar nan shuɗiya na cikin akwati har yanzu, kuma Inna ta ce yaron ya yi tsawo, da wuya ta shige shi.

Da mutane suka watse ya shigo, ya yi gyaran murya.

"Ina hulata?"

"Tana can."

"Can ina?"

"Gidan Rahina. Akwai kujera wajen cin abinci da sunka aje maka. Na aza ta kai. Kai kac ce hula mutum ta." Ta ci gaba da kwance ƙullin tsaraba. "Yara sun saba da ita. Kullum da sahe Usama na tsayawa gabanta shi ce sannu da zuwa, Kaka. Ranar da zan taho nac ce in ɗauko, Fiddausi ta sa kuka. Ta ce a bar mata kakanta."

Alhaji Makau na nan gindin darbejiya, in kun je za ku gan shi. Yatsa na aiki, motoci na jira, dokar hula ba a soke ta ba. Ni dai abin da ban sani ba, kuma na tambayi direbobi sun ce dokar ba ta faɗa ba: shekara nawa hula ke iya kama wa mutum wuri a wajen jikokinsa, kafin a daina tambayar ina kan?