Ranar da Na Sa Surukina a Aji

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ni sabon malamin Turanci ne a Gombe, ga sabon babur, ga amarya. Wata Juma'a na je Dawaki gaida surukina, Baffa. Al'adar gidan a fili take: ka durƙusa daga bakin zaure, ka sunkuyar da kai, ka gaisa, ka tafi. Ko ruwa ba ka sha.

Ina durƙushe, wani abokin Baffa ya ce ɗansa ya kira sabuwar motarsa "nice", shin yabo ne? Ba ni aka tambaya ba. Amma a makon na karanta asalin kalmar, kuma tana ta cina.

Sai ga ni tsaye. Na ce yau tana nufin mai kyau, amma tushenta a harshen Latin jahili ne. Na ƙara musu da "silly", wadda a da take nufin mai albarka, yau kuwa wawa. Da maƙogwarona ya bushe, na ɗauki kwanon furar Baffa na kurɓa. Sannan na nuna Baffa da yatsa, yadda nake yi wa 'yan aji: "Kai, maimaita!"

Baffa ya dubi kwanonsa, ya ce, "Malam, an tashi ajin, ko mu jira ƙararrawa?"

Matata ta daɗe ba ta iya taka gidansu ba don kunya. Yau har jikoki gare ni, amma da na doshi ƙofar gidan nan sai in ji ƙannenta suna cewa, "A ɓoye fura, ga Malam Maimaita nan."